Tsohon Masallacin Juma'a na Zariya

Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda ke daura da fadar Sarkin Zazzau, na daga cikin gine-ginen ƙasa mafi shahara a Afirka ta Yamma.

An dai gina shi ne a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Wanda ya jagoranci aikin shi ne Muhammadu Durugu, da aka fi sani da Babban Gwani, kuma har yanzu akwai unguwa mai wannan suna a birnin.

Tsarin gini

Babu ƙarfe ko siminti a ainihin ginin. An tayar da bangaye da ginshiƙai ne da tubali, sannan aka yi rufi da azara ta itacen giginya, wadda gara ba ta cika ci ba.

To sai dai azara ba ta jure nauyi idan tazara ta yi yawa. Saboda haka magina suka riƙa ɗaura ta hawa-hawa daga ginshiƙai, kowane hawa yana ɗara na ƙasansa, har suka haɗu a sama, aka lulluɓe su da ƙasa.

Wannan shi ne bakan gizo, kuma a kansa tuluwan rufin suke zaune. Da haka aka sami fili mai faɗi da tsawo domin sahun masallata.

Abubuwan da ke ciki

A bangon gabas akwai mihirabi, inda liman ke tsayawa. An ƙawata ginshiƙai da zane mai zurfi na layuka da da'irori, wanda aka fitar tun ƙasar tana ɗanya. Babu siffar mutum ko ta dabba.

A harabar kuma an tanadi ɗakin shari'a da wuraren alwala.

Adanawa

Ginin ƙasa na bukatar yaɓe a kai a kai, musamman bayan damina. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka yi asarar irinsa da dama. A Kano, alal misali, an maye gurbin tsohon masallacin Juma'a da na siminti a zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

A Zariya kuwa, cikin shekarun 1970, an kewaye babban ɗakin sallar da sabon gini. Hakan ya kare shi daga ruwan sama, amma ya ɓoye kamanninsa na waje, ta yadda sai an shiga ciki ake ganin aikin Babban Gwani.