Ziyarar ƙasar Gumel: a fara da kasuwa kafin fada

Masu shirya gajeriyar ziyara zuwa tsofaffin biranen Italiya sukan jera Rum da Fulorans da Benis, su lissafa gine-ginen dutsen da za su kalla. Wanda ya ɗauki wannan ma'auni ya nufi Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙananan hukumomi huɗun da ke masarautar Gumel, zai dawo yana cewa babu abin gani. Ma'aunin ne bai dace da wurin ba, domin tarihin wannan ƙasa na hanya ne da fatauci, kuma a kasuwa ya kamata baƙo ya fara nemansa.

Wajen 1750 Ɗan Juma da jama'arsa Mangawa suka kafa masarautar, ba da daɗewa ba ta koma ƙarƙashin Borno. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ci Kano da Haɗeja, amma Gumel ba ta taɓa shiga daular Sakkwato ba. Sai ta zama ƙofar Borno ta yamma, a tsakiyar Kano da Haɗeja da Damagaram, kuma duk ukun ta gwabza da su. A 1845 aka taso da gadon sarauta daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, zuwa Gumel. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo a 1851 kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa cinikin kanwa ne, wadda fatake ke kwasowa daga gabas su kai har ƙasar Nupe. Da ya sake ratsawa a 1854, rikicin sarauta ya riga ya ɗaiɗaita garin. Garin da aka gina da jar ƙasa, yaƙi da damina suna cinsa, ba zai bar bango irin na Rum ba.

Wani zai ce kasuwar Maigatari ta yau, da tirelolinta da 'yan canji, ba ta da haɗi da wancan zamani. Gaskiya ne kaya sun sauya, kuma iyakar da Ingila da Faransa suka shata bayan Gumel ta miƙa wuya a 1903 ta raba ƙasa guda gida biyu. Amma raƙuma da shanu da tumakin da ke gangarowa daga Nijar duk ranar Alhamis tsohuwar hanyar arewa suke bi, kuma har gobe sai da dillali da fatoma baƙo yake ciniki, kamar yadda fataken kanwa suka yi. Ita ma Benis ɗin da ake yabo, fatauci ne ya gina ta.

Saboda haka mai kwana biyu kacal ya sa Alhamis a Maigatari, ya wayi gari Juma'a a Gumel ya ga fada da masallaci, ya nemi dattawa su nuna masa inda ganuwa ta bi. Ya kamata masarauta da gwamnatin Jigawa su kafa alamu a waɗannan wurare tun masu sanin su suna raye.