Daga Littafin Minit Zuwa Filash: Yadda Muke Ajiye Tarihinmu



A shekarar 1930 layin dogo ya iso Nguru daga Kano, garin ya zama matattarar gyaɗa, fatu da ƙaro. Duk buhun da aka ɗora a sikeli sai akawu ya rubuta shi da alƙalami. Haka aka yi a Gashuwa bayan fadar Bade ta taso daga Gorgoram a 1946. Takardun wancan zamani da gara da ruwa suka bari, har gobe ana iya buɗe su a karanta.

Mu ma da takarda muka fara. Littafin minit ɗinmu na farko, mai baƙin bango, an buɗe shi ne jim kaɗan bayan ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991. Ya yi ja, gefensa ya tauye, amma sunan duk wanda ya ba da gudummawa yana nan daram.

Shi kuwa filash baƙo ne. Wani injiniyan kamfanin Toshiba a Japan, Fujio Masuoka, shi ya ƙirƙiro irin ma'ajiyar da ke cikinsa a shekarun 1980. Sai a shekarar 2000 aka fara sayar da shi a siffar da muka sani, kuma wanda IBM ya fitar a lokacin megabayit 8 kacal yake ɗauka. Namu na ƙungiya mai gigabayit 4 mun saye shi a 2012, muka zuba masa rajistar mambobi, lissafin kuɗi da hotunan taro. A lokacin gani muke mun huta da takarda.

A watan jiya muka nemi lissafin gudummawar 2014 domin raba gardama tsakanin reshen Nguru da na Gashuwa. Kwafin da a da yake ƙarewa kafin a sha shayi ya ɗauki fiye da rabin awa. Fayil uku sun ƙi buɗuwa, wasu hotunan kuma rabinsu ya koma toka-toka. Da ba don wani dattijonmu ya adana rasit a jakarsa ba, da zargi ya shiga tsakanin 'yan uwa.

Dalilin shi ne, filash yana riƙe bayani ne da ɗan cajin lantarki da ke kulle a miliyoyin ƙananan ɗakuna. Duk lokacin da aka goge aka sake rubutu, bangon ɗakunan yana ƙara lalacewa. Idan ya daɗe a ajiye, cajin yana yoyo a hankali, zafi kuma yana hanzarta yoyon. Mu da muke ganin zafi ya haura digiri 40 a watan Afrilu, namu ya yi bazara fiye da goma a durowar ƙarfe. Sanyin aiki da fayil mai ƙin buɗuwa su ne furfurarsa.

Saboda haka kwamiti ya yanke cewa kowane muhimmin bayani zai zauna a wuri uku: a kwamfuta, a imel ɗin ƙungiya, sannan a buga shi a takarda a liƙa a littafin minit. Filash na ɗaukar saƙo ne daga nan zuwa can kawai.

Duk mai tsohon filash ɗauke da hotunan biki, takardar fili ko rabon gado, ya zo da shi taro mai zuwa mu kwafe tun yana buɗuwa.

Allah Ya ƙara haɗa kanmu, amin.

Sakatare