Yumɓu a Tsakiyar Birni: Tarihin Gidajen Koyon Ginin Tukwane a Amurka

Ya kai mai karatu, in aka ce maka Amurka, abin da zai faɗo maka a rai shi ne motoci da jiragen sama da dogayen benaye. Da wuya ka tuna da tukunyar ƙasa. To, ka sani cikin manyan biranen Amurka akwai unguwannin talakawa, inda yara da yawa suke barin lakkol tun ba su gama ba, su koma zaman bakin titi. Yau fiye da shekara 100 ke nan wasu mutane suna buɗe gidaje cikin irin waɗannan unguwanni, suna koya wa yara da manya ginin tukwane da zane. Ga tarihin uku daga cikinsu. Ka bi mu sannu, ka ga abin da ya raya wasu, da abin da ya kashe wasu.

Gidan baƙi na Shikago

A shekarar 1889 wasu mata biyu, Jane Addams da Ellen Gates Starr, suka kama wani tsohon gida a birnin Shikago. Sunansa Hull House. Unguwar cike take da baƙi waɗanda suka ƙetaro teku neman abinci, daga Italiya da Girka da Rasha da sauransu. Yawancinsu ba su jin Ingilishi. Matan nan suka buɗe ajin karatun dare, da wurin renon yara, da ajin zane.

Da suka zauna da mutanen, sai suka lura da wani abu. Yaran da aka haifa a Amurka sun fara raina iyayensu, don iyayen ba su iya harshen gari ba. Saboda haka a 1900 aka ware wuri cikin gidan inda tsofaffi za su riƙa kaɗi da saƙa da sauran sana'o'in ƙasashensu a gaban jama'a. Yaro ya ga hannun uwarsa ya san abin da malamin lakkol bai sani ba.

A 1927 wata malama mai suna Myrtle French ta kafa ma'aikatar tangaran a gidan. Da yawa cikin maginan baƙi ne daga Meziko. Suna gina kwanoni da ƴan siffofin dabbobi masu launi, a sayar a kantuna, su sami na cefane. Aikin ya yi wajen shekara 10, ya tsaya a 1937. Ita kuwa Jane Addams an ba ta lambar Nobel ta zaman lafiya a 1931.

Zamanin kuɗin gwamnati

A 1929 tattalin arzikin Amurka ya karye. Bankuna suka rufe, miliyoyin mutane suka rasa aiki, har da masu zane da masu sassaƙa. A 1935 gwamnatin shugaba Roosevelt ta ɗauke su aiki, tana biyansu albashi su koyar da jama'a kyauta. Aka buɗe gidajen koyon zane fiye da 100 a faɗin ƙasar. Na unguwar Harlem ta baƙar fata, a birnin Niyok, an buɗe shi a 1937, kuma wata gwanar sassaƙa, Augusta Savage, ita ce shugabarsa ta farko.

Amma abin aro ba ya rufe katara. Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu, sai kuɗi suka koma wajen yaƙi. A 1943 aka soke shirin gaba ɗaya, gidajen suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai guda da bai rufe ba, a kudancin Shikago. Mutanen unguwar, baƙar fata, su suka tara kuɗi da kansu, kwabo-kwabo, a kan titi da wurin biki, suka sayi gidan. Matar shugaban ƙasa, Eleanor Roosevelt, ta zo bikin buɗe shi a 1941. Da gwamnati ta janye hannunta, gidan yana nan hannun masu shi. Har yau ana koyon zane a cikinsa. Riƙe wannan a ranka, za mu komo kansa.

Yaron da ya leƙa ƙofa

Yanzu bari mu tafi Pittsburgh, birnin narka ƙarfe a jihar Pennsylvania, inda koguna biyu suka haɗu suka zama kogin Ohio. A arewacin birnin akwai unguwa mai suna Manchester. Nan aka haifi Bill Strickland a 1947, ɗan baƙar fata. Ya tashi yana ganin unguwarsu tana lalacewa: masu hali suna tashi, kantuna suna rufewa, gidaje suna zama kango.

Yana ɗan shekara 16, karatu ya gagare shi, saura kaɗan ya bari. Wata rana yana wucewa cikin lakkol ɗinsu, sai ya leƙa wani ɗaki. Ya ga wani malami, Frank Ross, zaune gaban faifai mai juyawa, curin yumɓu yana tashi tsakanin hannuwansa yana zama tukunya. Yaron ya shiga ya ce a koya masa.

Malam Ross bai tsaya ga tukwane kaɗai ba. Yakan sa kiɗan jaz a ɗakin ana aiki ana saurare. Ya kai yaron ya ga wani shahararren gida da Frank Lloyd Wright ya tsara a kan ruwa mai gangarowa cikin daji. Daga baya ya taimake shi ya shiga jami'ar Pittsburgh, aka karɓe shi bisa gwaji don sakamakonsa ba shi da ƙarfi. Ya gama da daraja, a fannin tarihi.

Me ke cikin yumɓu?

A nan za ka iya tambaya: mene ne a cikin laka har da za ta mayar da yaro ga karatu? Sai ka san yadda aikin yake.

Da fari ana cuɗa yumɓu sosai har iskar da ke ciki ta fita. Sa'an nan a maka shi a tsakiyar faifan, faifan yana juyawa. Aiki mafi wuya shi ne daidaita curin a tsakiya. In hannunka ya yi rawa, ko hankalinka ya tafi wani wuri, nan take bakin tukunya zai karkace ta zube. Ba mai yi maka faɗa, kai da kanka za ka gani. Kuma ba a yi hasara ba, sai ka dunƙule ka sake.

In ta ginu, a ajiye ta kwanaki ta bushe, don in da sauran danshi a jikinta za ta fashe a wuta. A gasa ta cikin tanderu sau ɗaya. A fito da ita, a shafa mata ruwan ƙyalli, a mayar cikin wuta mai zafin da ya wuce digiri 1,000. Daga curi zuwa kwanon da za ka ci tuwo a ciki, makonni ne.

Ka ga ke nan tukunya ba ta ƙarewa rana ɗaya. Yaron da ya gina ta yau, dole gobe ya komo ya duba ko ta tsage. Jibi ya komo don wuta. Wanda ya saba da komowa kullum saboda abin da yake nasa, ya koyi rabin karatu. Sauran rabin kuwa, auna garin launi da lissafin zafin wuta za su tilasta masa shi.

Shekarar wuta

Ran 4 ga Afrilu 1968 aka harbe Martin Luther King, jagoran neman haƙƙin baƙar fata, a birnin Memphis. Tarzoma ta tashi a birane fiye da 100. A Pittsburgh ma an ƙone kantuna, sai da aka kawo soja. Cikin wannan shekara Strickland, yana ɗalibin jami'a, ya sami wani ɗan gida a unguwarsu da taimakon wata coci. Ya sa faifai da tanderu, ya kira yaran titi. Ya raɗa wa wurin suna Manchester Craftsmen's Guild, wato ƙungiyar masu sana'ar hannu ta Manchester.

A 1972 aka danƙa masa wata makarantar koyon sana'a ta manya mai suna Bidwell, wadda ta kusa durƙushewa. Ya haɗa biyun yana tafiyar da su. Ba da daɗewa ba masana'antun ƙarfe suka fara rufewa, dubban magidanta suka zauna ba aiki. Strickland ya bi kamfanonin garin yana tambayarsu irin ma'aikatan da suke bukata. Da kamfanin abinci na Heinz aka tsara koyon dafuwa. Da kamfanin Bayer aka tsara koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje. Yara suna gina tukwane bayan an tashi daga lakkol, manya suna koyon abin da zai ba su albashi.

A 1987 suka tare a sabon gini. Strickland ya dage a yi shi da kyau: manyan tagogi don hasken rana, maɓuɓɓugar ruwa a gabansa, zane-zane a bango, abinci mai daɗi, da zauren kiɗa mai kujera 350. Daga baya aka ƙara lambun furanni na gilashi. Wasu suka ce wannan almubazzaranci ne ga talakawa. Shi kuwa ra'ayinsa shi ne, mutum yakan ɗauki halin wurin da aka ajiye shi. In ka sa yaro a ɗaki mai kama da kurkuku, ka riga ka gaya masa matsayinsa.

Yaran makarantun gwamnati na birnin suna zuwa kyauta, su koyi tukwane da ɗaukar hoto da zane. Faya-fayen jaz da aka ɗauka a zauren sun ci lambar Grammy. A 1996 aka ba Strickland kyautar MacArthur. Birane kamar Cincinnati da Cleveland da Buffalo suka buɗe gidaje bisa wannan tsari. Ya sauka daga shugabanci a 2018, gidan ya ci gaba da aiki.

Abin da za ka riƙe

To, mai karatu, jera su ka gani. Gidajen da suka dogara da kuɗin gwamnati kaɗai sun mutu ranar da kuɗin suka tsaya. Ƙungiyar Hull House, duk da girman sunanta, bashi ya rufe ta a 2012. Gidan kudancin Shikago ya rayu don mutanen unguwa ne suka saye shi da guminsu. Na Pittsburgh ya rayu don ɗan unguwa ne ya kafa shi, kuma bai jingina da bango ɗaya ba: ga gwamnatin jiha, ga kamfanoni, ga masu ba da taimako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada ka ɗauka tukunya ta kawar da talauci daga waɗannan unguwanni. Ba ta kawar ba. Abin da ta yi shi ne ta ba yaro dalilin komowa gobe, a lokacin da ba shi da wani dalili. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yumɓu ma tun yana da danshi ake gina shi.

Saboda haka in wata rana ku da maƙwabtanka kuka tashi buɗe wurin koyon wani abu, ko ajin yaƙi da jahilci ne ko na sana'a, ku zauna ku amsa tambaya biyu tun ba ku sayi allo ba. Gidan nan na wane ne in mai ba da kuɗi ya tafi? Kuma me ɗalibi zai bari a ciki yau wanda zai sa ya komo gobe ya duba?