Tarihin 'Yan Agaji: Daga Gayya Zuwa Kakin Jama'atu

 A wannan fitowa za mu waiwayi tarihin wasu mutane da muke gani kullum amma ba kasafai muke tambayar asalinsu ba, wato 'yan agaji. Su ne a bakin masallacin Juma'a, su ne a filin Idi da wajen tafsirin azumi, su ne a maƙabarta da sansanin alhazai. Ba albashi, ba fansho. Da yawanmu mun ɗauka aikinsu bai wuce gyara sahu da gadin babura ba. Alhali kuwa kakin nan da suke sawa yana da dogon tarihi, kuma tarihin ya shafi unguwa irin tamu fiye da kowace.

Garin da baƙi suka cika

Kafin a gane ɗan agaji sai an fara gane garin da yake aiki a ciki. Modibbo Buba Yero ne ya kafa masarautar Gombe, bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a zamanin jihadin da aka fara a 1804, kuma Gombe Abba ce hedikwatar farko. Turawa sun shigo ƙasar a 1902, aka yi yaƙin Burmi a 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. A 1913 aka mayar da hedikwata Nafaɗa, sannan a 1919, zamanin Sarki Umaru, aka dawo da ita Doma, inda muke zaune yau. Kun ga ke nan garin nan da kaɗan ya haura shekara ɗari a matsayin birnin sarki.

To me ya cika shi da mutane? Noma da kasuwa, musamman auduga da gyaɗa. Da hanyar mota ta samu, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1963 a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri, sai jama'a suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Zazzau da Haɗeja da Borno. Wata Baturiya mai bincike, Mary Tiffen, ta fitar da littafi a 1976 a kan bunƙasar arzikin masarautar Gombe daga 1900 zuwa 1968, inda ta nuna irin rawar da manoma da 'yan ci-rani masu zuwa suka taka. Iyaye da kakannin yawancinmu suna cikin wannan ayari. Sunan unguwarmu ma shaida ne. A Zariya da Kaduna, Tudun Wada unguwa ce ta 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin garin ba, kamar yadda Sabon Gari ya zama na mutanen Kudu.

Shi kuwa baƙo matsalarsa ɗaya ce babba: ya bar danginsa a gida. In matarsa ta haihu wa zai tsaya masa? In ya kwanta ciwo wa zai kai shi asibiti? In ya cika wa zai yi masa sutura? Dole ta sa mutanenmu suka nemi dangi na biyu. Mai masauki ya zama uba. Mahauta da dillalai da maƙera da direbobi kowa ya yi shugabansa. Mata suka riƙe adashi da biki. Gayyar da aka saba yi a gona ta dawo gayyar yaɓen ɗaki da share maƙabarta da gyaran masallaci. Haka Hausawa suka yi a Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, haka suka yi a zangon Kumasi. Babu takarda, babu sakatare, amma kowa ya san in ya ƙi fita gayyar wani, ranar tasa zai ga kowa ya noƙe.

Da 'yan boko suka shigo

Ƙungiya mai shugaba da sakatare da ma'aji da littafin rubuta bayanin taro, wannan 'yan boko ne suka kawo ta. A lokacin Gombe tana ƙarƙashin lardin Bauchi, kuma a Bauchin ne aka buɗe wani zauren tattaunawa a 1943, inda irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suke muhawara a kan halin da talaka yake ciki. Da tambayoyin suka fara yi wa hukuma zafi sai aka rufe zauren, su kuma suka kafa wata ƙungiya ta neman ci gaban Bauchi.

Daga irin waɗannan tarurruka ne aka samu Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949, Dakta R. A. B. Dikko yana shugaba. Da farko ƙungiyar al'adu da wayar da kai ce, manufarta yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci. Amma ba ta daɗe a haka ba. Masu zafin ra'ayi suka kafa NEPU a Kano a watan Agustan 1950, ita kuma ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, NPC, a 1951. Ba laifi ba ne, lokacin ne ya zo da haka. Sai dai mu lura da abu guda: daga ranar da ta zama jam'iyya ta daina zama ta kowa, ta zama ta waɗanda suke bayanta. Wanda yake NEPU ba zai ƙara kallonta a matsayin tasa ba. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Jama'atu da rundunarta

A 1962 aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ne ya matsa a kan buƙatarta, Firimiya Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato ya tsaya mata da ƙarfinsa, kuma irin su Alhaji Abubakar Imam, tsohon editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, suna cikin waɗanda aka fara zaman da su. Manufar ita ce a samu inuwa guda ga Musulmin Arewa, a gina makarantu da masallatai, a koyar da sababbin shiga Musulunci, a buga littattafai. Aka ɗora Sarkin Musulmi a kan shugabancinta, sarakuna suka zama iyayenta a ƙasashensu. Har yau haka abin yake, Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ne shugabanta tun hawansa a 2006.

Da aka kashe Sardauna ran 15 ga Janairu, 1966, Jama'atu ta rasa babban bangonta. NPC ta tafi tare da jamhuriyar farko, sojoji suka soke jam'iyyu duka. Ita kuwa Jama'atu ta rayu, ga ta nan ta haura shekara sittin. Dalili a fili yake: ba ta tsaya zaɓe ba, kuma aikinta ya sauka ƙasa har cikin unguwanni. Fuskar da talaka ya fi saninta da ita ita ce rundunar agaji, samari masu kaki da hula da usur, waɗanda ake koya wa fareti da taimakon gaggawa da tsara taro.

Wannan tsari yana da tushe a wajen ƙasar nan ma. Wani mutumin Suwizalan, Henri Dunant, ya ga yadda aka bar dubban sojoji masu rauni a filin yaƙin Solferino ta Italiya a 1859, abin ya dame shi, har aka kafa Red Cross a Geneva a 1863. Daular Turkawa ta musanya alamar da jinjirin wata a yaƙinta da Rasha na 1877 zuwa 1878, kuma yawancin ƙasashen Musulmi da shi suke aiki yau. A Najeriya doka ta tabbatar da Red Cross a 1960. Ɗan agajinmu ya ɗauki ɗaurin rauni da ɗaukar majinyaci daga can, ya ɗauki fareti daga soja, amma zuciyar aikin ta gida ce: gayya ce aka sa wa kaki, aka ce a yi ta don Allah.

Bayan Jama'atu wasu suka biyo. Sheikh Mudi Salga ya kafa Fityanul Islam a Kano a 1963. An kafa Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, wanda shi kansa tsohon limamin soja ne. Kowacce ta yi tata rundunar agaji. Mata ma ba a bar su a baya ba, a 1985 aka kafa FOMWAN a Minna, Hajiya Aisha Lemu ce amirarta ta farko, suka sa gaba wajen makarantu da lafiyar mata da yara. Gaskiya ita ce saɓanin malamai ya sha taɓa 'yan agaji, har akwai lokutan da wannan kaki ba ya ga maciji da wancan. Amma gasar ta haifar da alheri ta wani gefen: kowa yana son a ce nasa sun fi horo, sun fi buɗe makarantu, sun fi kula da marayu.

Ranar da aka san amfaninsu

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar wankan Gombe ta zo a 2014 da 2015. Da rikicin Boko Haram ya ci Damboa da Gwoza da Mubi a 2014, dubban mutane suka gudo nan. Mafi yawansu ba a sansani suka zauna ba, a gidajen jama'a aka sauke su, a zauruka da kangwaye da makarantun Islamiyya. Wanda ya zauna a unguwar nan a lokacin ya san gidaje nawa aka raba tuwo biyu. Masallatai suka yi ta tara hatsi da tufafi, ƙungiyoyin mata suka yi ta bi gida gida.

Sai kuma wutar ta iso garin kanta. Bom ya tashi a tashar Dukku ran 22 ga Disamba, 2014. Ran 14 ga Fabrairu, 2015 aka kawo wa garin hari. Ran 16 ga Yuli, 2015, ana tsakar sayayyar ƙaramar Salla, bama-bamai biyu suka tashi a babbar kasuwa, mutum kusan 50 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. A irin wannan rana kowa gudu yake yi daga wurin, amma 'yan Red Cross da 'yan agaji da wasu 'yan kasuwa can suke nufa. A shekarun nan 'yan agaji ne suka tsaya a ƙofar masallatai suna laluben masu shiga, alhali sun san in abin ya zo, a kansu zai fara. Babu wanda ya biya su ko sisi a kan wannan kasada.

Wani kakin kuma

A garin nan dai, kuma a cikin samarin nan dai, aka samu wata runduna ta daban. Tun wajen zaɓen 2003 sunan Kalare ya cika Gombe, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta yi bayaninsu a rahotonta na 2007 a kan ta'addancin siyasa a Najeriya. In ka duba da kyau, abin da yaro yake nema a wurare biyun kusan ɗaya ne: abokai, shugaba, suna, da jin cewa shi ma wani ne. Ɗaya ya ba shi usur da bandeji, ɗayan ya ba shi adda da ƙwaya. Unguwar da ta bar rundunar agajinta ta tsufa ba sabon jini, ta sani fa akwai masu jiran yaranta a bakin titi.

Abin da ya rage gare mu

Tudun Wada ta yau ba ta jiya ba ce. An yi jihar Gombe ran 1 ga Oktoba, 1996, jami'ar jiha da aka kafa a 2004 tana nan a cikinmu, ɗalibai da ma'aikata sun ƙaru, gidajen haya sun yi yawa. Wato har gobe garin baƙi ne, kuma har gobe akwai wanda zai kwanta ciwo ba dangi kusa. Buƙatar da ta haifi gayya ba ta gushe ba.

Tarihin nan ya bar mana darussa uku. Na farko, ƙungiyar da ta jingina da ɗan siyasa tare suke faɗuwa. A karɓi gudummawar kowa in da tsarki, amma kada a mayar da kakin agaji rigar kamfe. NPC ta tafi, Jama'atu tana nan.

Na biyu, amana sai da lissafi. A da kunyar ido ce take tsare kuɗin gayya, don kowa ya san kowa. Yanzu gari ya faɗaɗa, kuɗi ta waya suke shigowa. Dokar kamfanoni ta 1990, wadda aka sabunta a 2020, ta ba ƙungiyoyi damar yin rajista da hukumar CAC da amintattu da tsarin mulki da rahoton shekara. Ko ƙungiyar da ba ta kai nan ba, ba abin da zai hana ta buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu ko uku, ta karanta wa jama'a shiga da fita bayan kowace Salla. Wanda ya ga inda nairarsa ta tafi, gobe zai ba da biyu. Hanyar waƙafi ma a buɗe take: shago guda da aka tsayar don aikin agaji ya fi roƙon shekara goma.

Na uku, ciwo ba ya tambayar aƙida. Ran 16 ga Yuli babu wanda ya tsaya tambayar wanda ya ɗauka ko ɗan ɗariƙa ne ko ɗan Izala, ko ma Musulmi ne ko Kirista. Me zai hana rundunonin unguwar nan su riƙa yin horon taimakon gaggawa tare, su yi yashe magudanan ruwa tare kafin damina, tunda kwari da ambaliya su ma ba sa zaɓe?

Iyaye, in yaro ya ce zai shiga agaji kada a ce masa aikin marasa aikin yi ne. Alhazai da 'yan kasuwa, a tambayi shugabannin agaji na masallacinku me suka rasa, ko akwatin magani ne, ko makara, ko takalma. Malamanmu na jami'a da asibiti, awa biyu a wata kuna koya musu abin da kuka sani ba zai rage ku da komai ba. Mu kuma sauran, in ɗan agaji ya ce matsa da babur ɗinka, a matsa ba tare da baƙar magana ba.

Allah Ya jiƙan magabatan da suka assasa wannan aiki, Ya saka wa masu riƙe da shi, Ya zaunar da Gombe da Najeriya lafiya. Amin.