Kukan Da Muke Ji Ta Bayan Bango

Kwana biyu ban leƙo nan ba, sai a yi mini afuwa. Wani fim na kalla a makon jiya wanda ya hana ni barci, ya kuma sa na koma tonon tarihi. Sunansa An American Crime, ya fito a 2007, Tommy O'Haver ne ya ba da umarni, kuma daga takardun shari'ar da aka yi a kotu aka tsamo yawancin labarin.

Ga abin da ya faru. A watan Yulin 1965, a birnin Indiyanafolis na Amurka, wasu miji da mata masu bin kasuwannin wasanni gari-gari suka bar 'ya'yansu mata biyu a hannun wata mata mai suna Gertrude Baniszewski, bisa sharaɗin za su riƙa aiko mata da dala 20 duk mako. Matar nan tana da 'ya'ya 7, ga talauci, ga rashin lafiya. Da kuɗin suka yi jinkiri sai ta fara dukan yaran. Sannu a hankali azabar ta koma kan babbar, Sylvia Likens, 'yar shekara 16: duka, ƙuna da taba, yunwa, har aka kulle ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ranar 26 ga Oktoba, 1965 ta rasu, da raunuka sama da 150 a jikinta. Kotu ta yanke wa matar ɗaurin rai da rai a 1966, aka sake ta a 1985.

Mai karatu, mugunta ai ba sabuwa ba ce a duniya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan mutanen da suka sani. Yaran unguwa suna shiga gidan su kalla, wasu har su sa hannu, su koma gidajensu su ci abincin dare. Maƙwabta sun ji ihu, sun ga fuskarta a kumbure, kowa ya ce harkar gidan wani ce. Wata uku ana wannan abu, gida na jikin gida.

Shekaru 11 na yi a Amurka kafin na dawo na zauna a Nyanya, kuma duk tsawon zamana can ina bugun ƙirji cewa mu a gida ɗa na kowa ne. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya duka ba. Riƙo tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Wanda ya karanta littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, ya fito a 1954, zai ga yadda ake ba gwaggo ko kaka ko wadda ba ta haihu ba yaro ta riƙe har ta aurar. Sai dai riƙon wancan zamani yana da masu sa ido. Uwar yaro tana ƙauyen gaba, ana haɗuwa ranar kasuwa, ana haɗuwa wajen suna da biki. In yaro ya rame, kakarsa za ta gani ta yi magana. In abu ya ƙi, ga mai unguwa, ga dagaci, ga alƙali. Kunyar dangi ita ce dokar.

Dokar takarda daga baya ta zo. Turawan mulki sun kafa dokar yara da matasa a Legas a 1943, Jihar Arewa ta yi tata a 1958, kuma galibi kan yaran da suka yi laifi ko suke gararamba a titi take magana. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, sannan a 2003, zamanin Obasanjo, aka yi Dokar Haƙƙin Yara. Dokar ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, ta tanadi kotun iyali, ta hana ɗaukar yaro aikatau a wajen gidan danginsa. Da yake batun yara na jihohi ne, a Abuja kaɗai ta fara aiki kai tsaye, kowace jiha sai ta yi tata. Kano ba ta samu tata ba sai a 2023, shekara 20 cif. A 2015 kuma aka ƙara da dokar hana cin zarafin mutane, wadda hukumar NAPTIP ke kula da ita a Abuja.

To a tsakanin nan me ya faru? Tsofaffin masu sa ido sun watse, sababbin kuma ba su iso ba. Dubi Nyanya. Ƙauyen Gwari ne, gwamnati ta gina gidajen ma'aikata da leburori lokacin da ake gina Abuja, bayan an dawo da babban birni a Disambar 1991 jama'a suka yi ta kwarara har garin ya haɗe da Mararaba ta jihar Nasarawa. Yanzu gidan haya ɗaya za ka tarar da Bahaushe da Tibi da Ibo da Igala, kowa ya fita tun asuba don gudun cunkoson hanya, ya dawo bayan isha'i. Yarinyar da aka kawo daga ƙauye mai nisan kilomita ɗaruruwa ba ta da kaka a nan, ba ta da ranar kasuwa. Sunan riƙo ne ya rage.

Kada kuma a ce matsalar bariki ce kawai. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane sama da 300, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Makonni kaɗan bayan haka aka gano irinsa a Daura. A watan Agustan 2020, a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, aka ceto wani yaro ɗan kimanin shekara 10, maraya ta wajen uwa, wanda aka ɗaure a turken dabbobi kusan shekara 2 a gidan mahaifinsa. Waɗannan gidaje ba a daji suke ba. Suna da maƙwabta, ana wucewa ta ƙofarsu zuwa masallaci sau biyar a rana. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yara 6 cikin 10 a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma waɗanda ke samun taimako ba su kai 5 cikin 100 ba.

Yanzu bari na faɗi nawa, domin kuwa ba zan zauna ina nuna wa mutanen Indiyana yatsa ba. A gidan hayar da na fara zama bayan dawowata, akwai wata yarinya a ɗakin da ke jikin nawa, ba za ta wuce shekara 9 ba. Ita ce ɗebo ruwa, ita ce wanke-wanke, ita ce goyo. Ban taɓa jin an kira sunanta ba, "ke" kawai ake cewa. Da dare nakan ji ƙarar wayar wuta a jikinta, tana kuka tana ba da haƙuri. Wata rana na ga shatar duka a wuyanta, na je na samu wata dattijuwa da ta fi kowa daɗewa a gidan.

Na ce, "Hajiya, yarinyar nan fa ana cutar ta."

Ta ce, "Ɗana, duk muna ji. Amma kai baƙo ne, kada ka shiga sharo ba shanu. Za a ce ka zo mana da aƙidar Turawa."

Wallahi na ji daɗin wannan amsa, don ta sauke mini nauyi. Daga ranar, in an fara sai na ƙara muryar rediyo. Bayan wasu watanni na daina ganin yarinyar. Na tambaya, aka ce an mayar da ita ƙauye. Na karɓa haka nan, ban ƙara tambaya ba, kamar yadda wata ma'aikaciyar jinya da aka tura gidan Gertrude ta karɓi zancen cewa wai Sylvia ta gudu, alhali tana ƙarƙashin gidan.

Masana halayyar ɗan Adam, Darley da Latané, sun nuna a 1968 cewa yawan shaidu na rage yiwuwar wani ya taimaka, don kowa yana jiran wani. Mu kuma mun ƙara da namu: gudun rigimar maƙwabtaka, tsoron zaryar ofishin 'yan sanda, da ɗaukar kowane duka a matsayin tarbiyya. A yau dokar jihar Indiyana ta wajabta wa duk wanda ya yi zargin ana cutar da yaro ya kai rahoto, maƙwabci ne ko malami ko mai wucewa. Mu ma muna da inda za a kai: mai unguwa, limami, ofishin jin daɗin jama'a, NAPTIP, ko a buga 112. Amma kafin duk wannan akwai ƙwanƙwasa ƙofa, a yi sallama, a tambayi sunan yarinya da garinsu da lambar iyayenta, don mai gida ya san akwai ido a kansa. Abin da kakanninmu ke yi ke nan, ba Turawa suka kawo shi ba.

Ni dai ban ƙwanƙwasa ba, kuma shekarun nan duk ban daina tunanin ko ta isa ƙauyen ba. A gidan da nake yanzu akwai yara 3 da aka kawo riƙo, na san sunan kowannensu da garinsa, kuma masu riƙonsu sun san na sani. Allah Ya kare mana zuri'a. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.