Daga Zuga zuwa Wuƙa: Yadda Maƙeran Kano Suka Reni Magadansu

Ƙira tana cikin sana'o'in da suka girmi ganuwar Kano. Labarin gargajiya ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya yana neman tama, ya yada zango a gindin dutsen Dala, kuma har yau ana danganta Abagayawa da zuriyarsa. Masu haƙar kayan tarihi ma sun tono wani murhun narka tama a Dala, wanda suka kimanta cewa an yi amfani da shi wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Abin da ya dame mu a wannan maƙala shi ne yadda ilimin ya tsallako waɗannan ƙarnuka har ya iso gare mu, alhali kuwa ba a rubuta shi a allo ko a takarda ba. A ganinmu babu inda ya ɓuya sai a tsakanin mutum biyu, wato dattijon da ke riƙe da awartaki da yaron da ke zaune bayan zugazugi.

A bisa al'ada ƙira gado ce. Ɗa yakan koya daga ubansa ko ƙanin ubansa, tun yana ƙarami ƙwarai. Philip Jaggar, wanda ya zauna da maƙeran birnin Kano a shekarun 1970 ya kuma wallafa littafi a kansu a 1994, ya yi bayanin rabuwarsu gida biyu: maƙeran baƙi masu sarrafa baƙin ƙarfe, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla. Wuƙa aikin na farkon ce, kuma a kansu za mu tsaya.

Yaro ba ya fara da guduma. Aikinsa na farko ɗebo gawayi, share toka, miƙa wannan, ɗauko wancan. Daga nan sai a zaunar da shi ga zuga. Mai kallo daga waje yakan ɗauka bauta ce kurum ake sa yaron, domin yakan yi shekaru yana danna fatun nan guda biyu, dama da hagu, hayaƙi na cin idonsa. Amma a nan karatun yake. Mai zuga shi ne ya fi kowa kallon wuta. Da sannu yake gane bambancin gawayin ƙirya mai nauyi da gawayin banza mai saurin zama toka. Yake gane lokacin da ƙarfe ya yi ja, da lokacin da ya koma ruwan ɗorawa, da lokacin da ya fara tartsatsi, alamar ya soma ƙonewa ke nan. Ba a cika yi masa dogon bayani ba. In ya yi sanyi a ce "Zuga!", in ya wuce gona da iri a ce "Sassauta!", shi kuwa ba ya da ta cewa sai "To, Baba." Masu iya magana sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, amma ba su faɗi yadda ake gane zafin ba. Wannan sai a bakin murhu.

In ƙashinsa ya yi ƙwari sai a ba shi masaba ya riƙa dukan inda maigida ya nuna masa a kan uwar maƙera. Can kuma, idan aiki ya lafa, a bar masa guntayen ƙarfe ya gwada ƙusa ko basilla. In ya ɓata, asarar kaɗan ce.

Wuƙa ba ta zuwa da wuri, kuma akwai dalili. Fartanya ko da ta ɗan karkace za ta yi noma, wuƙa kuwa ba ta ɓoye aibin mai ƙera ta. Dole ruwanta ya miƙe, bayanta ya yi kauri, bakinta ya siranta daidai tun daga gindi har tsini. Sa'an nan ga babban mataki, wato tsoma ta a ruwa tana da zafi domin ta yi tauri. In zafin bai kai ba, wuƙa za ta fito da taushi, yanka biyu ta dakushe. In ya zarce, sai ta tsage a cikin ruwan ko ta karye ranar da ta haɗu da ƙashi. Masana kimiyya sun bayyana mana cewa sinadarin kabon da ke cikin ƙarfe ne ke jawo haka, kuma ƙarfen da ba shi da isasshen kabon ba ya yin tauri komai tsomawa. Maƙerin da ya horar da yaronsa bai san wannan suna ba, amma ya san abin da ido da kunne. Ga kuma masu hukunci suna jira a waje: mahauci da zai feɗe sa, wanzami da zai ɗora aska a kan jariri ranar suna, baduku da zai ɗinka kube. Ɗayansu in ya dawo da kaya, sunan gidan ne ya zube, ba na yaron ba. Shi ya sa dattawa suke jan rai kafin su bar wuƙar almajiri ta fita kasuwa.

Kada mu ɗauka cewa maƙeran nan ba su taɓa gamuwa da kishiya ba sai a zamanin Turawa. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da dubban ruwan takubba na garin Solingen ta ƙasar Jamus, waɗanda fatake ke ƙetaro Sahara da su, a nan gida a yi musu ƙota da kube. Duk da haka manomi da mahauci ba su daina zuwa maƙera ba, domin maƙerin unguwa shi ke gyara, shi ke wasawa, shi ke ba da bashi har kaka.

Abin da ya girgiza tsarin koyon shi ne isowar jirgin ƙasa Kano a 1911. Ƙarfen Turai da tarkacen reluwe, daga baya kuma na motoci, suka cika kasuwa da araha. Wa zai tafi daji ya haƙa tama, ya gina murhu, ya ƙona itatuwa, ya kwana yana gadin wuta, alhali ga ƙarfe a zube? Cikin 'yan shekaru sai narka tama ya ja baya. Ba wanda ya yanke shawarar kashe shi. Iyaye ne kawai suka daina tafiya da 'ya'yansu wurin aikin, su kuma jikoki suka tashi ba su taɓa ganinsa ba. A shekarun 1960, a can ƙasar Adar ta Jamhuriyar Nijar ne wata Bafaransa mai bincike, Nicole Echard, ta sami Hausawan da suka san aikin har ta ɗauke su a fim.

Ƙirar wuƙa kuwa ta tsira, har ma ta sami sabon darasi. Maƙera sun gano cewa sifirin ɗin mota yana da tauri kuma yana riƙe kaifi, sai ya zama abin nemansu. Yaron da kakansa ya koyi zaɓen tama, shi sai ya koyi zaɓen tarkace a wurin 'yan gwangwan: ya ƙwanƙwasa ya saurari ƙara, ya goga magagari ya ji ko yana ci. A maƙeru da yawa ma zugazugin fata ya ba da wuri ga fanka mai wilin keke, wadda ake juyawa da hannu ɗaya. Wanda ke juya ta dai har yanzu ƙaramin cikinsu ne, kuma idan Babbar Salla ta matso, masu layya suka yi layi da wuƙaƙensu, shi ake fara tasa daga barci ya hura wuta.