Daga Waƙar Bara zuwa Teburin Nazari

A arewacin Najeriya masu buƙata ta musamman sun daɗe da murya, amma muryar jama'a ce, ba ta mutum ɗaya ba. Tun zamanin da sarakuna ke naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowane rukuni yana da mai magana da yawunsa a fada, yana sasanta rikici, yana tsara rabon sadaka. Tsarin ya ba su kariya, ya kuma tsare su a matsayin masu karɓa. Waƙar bara, duk da zurfin hikimarta, ana sauraronta ne hannu na lalube a aljihu. Ba a tsayawa a tambayi mai waƙar ko abin da ya faɗa game da duniya daidai ne.

Zuwan 'yan mishan bai sauya wannan sosai ba. A Garkida, nan Adamawa, inda mishan na Church of the Brethren ya buɗe mazaunin jinyar kutare a 1929, yawancin abin da aka rubuta likitoci da fastoci ne suka rubuta shi, don masu ba da gudummawa a Amurka. Majinyacin ya shiga takarda a matsayin wanda aka ceta. Sauyin gaske ya fara ne da makarantar makafi ta Gindiri a 1953, domin rubutun Braille ya ba yaro damar tsara tunaninsa ba tare da tafinta ba. Daga can Bitrus Gani-Ikilama ya fito, har ya zama babban ma'aikacin gashin ƙashi a asibitin koyarwa na Zariya.

Wannan tarihi ne ya sa nake ganin malamin sakandare a Muchalla, ko na Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi, in ya kawo wa ɗalibai labarin da gurgu ko kurma ya bayar game da kansa, bai kamata ya tsaya a "Allah sarki" ba. Ya tambaye su: me marubucin ke son mu yarda da shi? Ƙafarsa yake zargi, ko matakalar ofishin da ba ta hawuwa? Me ya tsallake, kuma don me? Za a ce ja-in-ja da wanda ya ɗanɗana wahala rashin tausayi ne. Ƙorafin yana da nauyi, domin yaro mai lafiya ba zai ƙaryata zafin da bai ji ba. Sai dai zafi daban, hukuncin da aka gina a kansa daban, kuma hukunci ana auna shi. Mawaƙi Aliyu Namangi makaho ne, amma masu nazarin waƙarsa ta Imfiraji sun yi ta tsefe ma'anarta da karinta ba sassauci, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa don aikinsa. Wanda aka ƙi yin muhawara da shi, an mayar da shi bakin ƙofa ke nan.

Masu cewa babu rubuce-rubucen da za a karanta su dubi Mubi kanta. Mamayar Boko Haram a 2014 da hare-haren bam na 2017 da 2018 sun bar mutanen da suka rasa gaɓoɓi, suna ba da labarinsu da Hausa da Fulatanci da harshen Fali. Ɗalibai za su iya ɗauka da izininsu, su rubuta, su gwada shi da abin da dokar hana wariya ga naƙasassu da aka sa wa hannu a 2019 ta yi musu alkawari.